Rigar Ɗan Ƙwallo da Labarin da ke Cikinta

  

Yau hirarmu ta ƙwallon ƙafa ce, amma ba za mu shiga fili ba. Za mu tsaya ne kan kayan da 'yan wasa ke bari bayan an tashi daga wasa. Riga, takalmi, ƙwallo, lambar yabo. A Turai da Amurka waɗannan kaya sun zama babbar kasuwa. Akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara gwal. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne wannan: labari ne ke yi wa waɗannan kaya kuɗi. Ku biyo ni sannu a hankali.

Bari mu fara da riga guda ɗaya, shuɗiya, mai lamba 10 a baya.

Ranar 22 ga watan Yuni na 1986, Ajantina ta kara da Ingila a gasar cin kofin duniya. Wasan kwata fainal ne. An buga shi a filin Azteca da ke birnin Meziko, da tsakar rana, a gaban mutum sama da dubu 100. Shekara huɗu kacal kafin nan ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi a kan tsibiran Falkland, waɗanda Ajantina ke kira Malbinas. Don haka kowa ya shigo fili da abin da ke cinsa a rai.

Kafin wasan, kocin Ajantina, Carlos Bilardo, ya shiga damuwa. Dole su sa shuɗiyar riga, domin Ingila za ta sa fara. Shuɗiyar da suke da ita kuwa mai nauyi ce. Sun sa ta a wasansu da Yurugwai, ta sha gumi, ta zame musu kaya. Sai aka tura wani ma'aikacin tawagar ya shiga shagunan birnin ya nemo mai shara-shara. Ya dawo da samfuri biyu. Maradona ya duba, ya nuna ɗaya. Aka sayo, aka ɗinka bajon ƙasa a ƙirji cikin gaggawa, aka manna lambobi masu ruwan azurfa a baya da dutsen guga. Ka ji asalin rigar. Rigar shago ce, ta gaggawa, wadda ba a yi ta don tarihi ba.

Da aka dawo daga hutun rabin lokaci, minti shida da farawa, wani ɗan tsakiyar Ingila mai suna Steve Hodge ya yi ƙoƙarin kawar da ƙwallo. Ƙafarsa ta kuskure. Ƙwallo ta tashi sama ta nufi ragarsu. Gola Peter Shilton ya fito zai naushe ta. Maradona, wanda bai kai shi tsawo ba ko kusa, ya yi tsalle ya tura ta raga da hannun hagu. Alƙalin wasa, Ali Bin Nasser ɗan Tunisiya, bai gani ba. Ya ce ta ci. Bayan wasa Maradona ya jingina abin ga hannun Ubangiji, maganar da kunnenmu ba ya jin daɗinta. Daga baya dai da bakinsa ya amsa cewa hannunsa ne.

Minti huɗu bayan wannan, sai ya karɓi ƙwallo tun daga ɓangarensu. Ya yanke wannan, ya wuce wancan, ya bar mutum biyar a baya, har da golan, ya zura ta a raga. Wannan ita ce ƙwallon da aka zaɓa a 2002 a matsayin wadda ta fi kowace kyau a tarihin gasar. Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1. Ha'inci da gwaninta, a cikin minti huɗu, a jikin riga ɗaya.

To, ina rigar ta shiga? Bayan an tashi, a hanyar shiga ɗakin canza kaya, Steve Hodge ya yi kiciɓis da Maradona. Ba sa jin yaren juna. Hodge ya ɗan ja tasa rigar, alamar a yi musaya. Maradona ya amince. Wato mutumin da kuskurensa ya haifi ƙwallon farko, shi ne ya tafi gida da rigar. Ikon Allah ke nan.

Hodge ya ajiye ta shekaru a gidansa. Daga baya ya ba gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila aronta, ta yi kusan shekara 20 a can jama'a na kallo. Da ya tashi rubuta tarihin rayuwarsa, sunan da ya sa wa littafin ma yana nufin mutumin da ke riƙe da rigar Maradona. Ku duba fa. Mutum ya buga wa Nottingham Forest, ya buga wa Aston Villa da Tottenham, ya ci kofin lig da Leeds. Amma da rigar wani duniya ta fi saninsa, kuma ya yarda da hakan.

Maradona ya rasu a watan Nuwamba na 2020. A lokacin Hodge ya ce rigar ba ta sayarwa ba ce. A watan Mayu na 2022 sai ga ta a gidan gwanjo na Sotheby's. An sayar da ita sama da fam miliyan 7.

Masu sauraro, mu ɗan tsaya a nan. A ce an cire labarin nan. A ce an kawo rigar a cikin dila, an zube ta a kasuwar Ƙofar Wambai. Tsohuwar jesi ce mai kodaɗɗiyar lamba da ɗinkin gaggawa. Nawa za ka taya? Wataƙila ma ka ɗaga ta ka mayar. Zaren bai canza ba tsakanin Ƙofar Wambai da Landan. Labarin ne ya yi mata kuɗi.

Ga abin da ya ƙara tabbatar da haka. Ana shirin gwanjon, sai 'yar Maradona, Dalma, ta fito ta ce ba wannan rigar ce mahaifinta ya ci ƙwallayen da ita ba. Ta ce wannan ta farkon wasa ce, ya canza wata a hutun rabin lokaci. Nan fa hankali ya tashi. Domin idan ta farkon wasa ce, ba a ci komai da ita ba. Sai gidan gwanjon ya ce ya sa ƙwararru sun gwada rigar da hotunan wasan. Sun duba yadda bajon ya zauna, da zaren da ya zazzago a gefensa, da yadda lambar ta hau kan ratsin yadin. Suka ce ita ce ta bayan hutu. Riga biyu, mutum ɗaya, rana ɗaya, gumi ɗaya. Amma tsakaninsu akwai miliyoyi, saboda ɗaya tana da labari, ɗaya ba ta da shi.

Idan har yanzu kana shakka, ga wani misali a taƙaice. A watan Disamba na 2000, a wani gidan cin abinci na kulob ɗin wasan tanis a Basalona, an rubuta alkawarin ɗaukar wani yaro ɗan shekara 13. Babu takarda a kusa. Sai Carles Rexach, jami'in ƙungiyar Barcelona, ya ja 'yar takardar goge baki ya rubuta a kai. Yaron shi ne Lionel Messi. A 2024 an sayar da wannan 'yar takarda sama da fam dubu 700. Abin da ake goge baki da shi a jefar.

Yanzu bari mu juya ga wata tambaya. Su wa ke sayar da waɗannan kaya, kuma me ya sa?

Nan ne hirar ke daina ba da dariya. Ingila ta ɗauki kofin duniya sau ɗaya tak, a 1966. Ladan da kowane ɗan wasa ya samu fam 1,000 ne. Zamanin ba irin na yanzu ba ne. Har zuwa 1961 akwai dokar da ta hana a biya ɗan ƙwallo a Ingila fiye da fam 20 a mako. Waɗannan mutane sun yi suna, amma ba su tara dukiya ba. Da girma ya zo, sai aka fara ganin lambobinsu na zinare a gidajen gwanjo, ɗaya bayan ɗaya.

Gola Gordon Banks ya sayar da tasa a 2001, don ya taimaka wa 'ya'yansa su mallaki muhalli. Alan Ball ya sayar da tasa don iyalinsa. Nobby Stiles ya fitar da tasa a 2010, bayan rashin lafiya ta taɓa shi. Tsohuwar ƙungiyarsa, Manchester United, ita ta saya ta ajiye a gidan tarihinta. Daga baya cutar mantuwa ta kama Stiles, har ya rasu a 2020. Ku yi tunanin wannan, jama'a. Lambar tana nan cikin gilashi, tana sheƙi. Mutumin da ya san abin da ya faru a ranar, wanda ya yi rawa a filin Wembley da kofi a hannu, abin ya goge daga ƙwaƙwalwarsa tun yana raye.

Akwai masu zargin irin waɗannan dattawa. Suna cewa ta yaya mutum zai sayar da abin alfaharinsa? Ni ban ga laifinsu ba. Lambar zinare ba ta biyan kuɗin asibiti tana rataye a bango. Wanda ya ga zai raba wa 'ya'ya uku lamba ɗaya, ya san rigimar da zai bari. Gara ya mayar da ita abin da ke rabuwa tun yana da rai. Shi kansa Pele, a 2016, ya fitar da kayansa sama da 2,000 aka yi gwanjonsu a Landan. Ya ba da wani kaso ga wani asibitin yara a Burazil. Messi ma, da aka sayar da riguna shida da ya sa a gasar Katar ta 2022, wani ɓangare na kuɗin ya tafi ga asibitin yara a Basalona. Sayarwa ba abin kunya ba ce.

Abin da ke damuna daban ne. Abu biyu ne, kuma zan faɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sau da yawa mai labarin ba shi ke cin kuɗin ba. Rigar da Pele ya sa a wasan ƙarshe na 1970, ɗan bayan Italiya Roberto Rosato ne ya samu, kuma daga wajensa ta fito kasuwa a 2002. Ƙwallon wasan Azteca kuwa alƙalin wasan ne ya tafi da ita gida Tunisiya. Bayan shekara 36 ya kai ta gwanjo a Landan. Wato wanda bai ga hannun ba, kuskurensa ne ya ƙara wa ƙwallon daraja. Turawan Ingila da yawa abin ya tsaya musu a maƙogwaro, kuma ba a rasa dalili ba. A dokance dai kowa da abinsa. Kyauta ta zama ta wanda aka ba.

Wannan ya fara sauya halin 'yan wasa. Musayar riga tsohuwar al'ada ce ta girmama abokin karawa. Dubi hoton Pele da Bobby Moore a 1970, kowa ya tuɓe tasa yana miƙa wa ɗan'uwansa, suna murmushi. Ko kuma dubi akasin haka a 1966, lokacin da kocin Ingila Alf Ramsey ya shiga fili ya riƙe rigar George Cohen, ya hana shi musaya da ɗan Ajantina saboda haushin yadda wasan ya gudana. A wancan zamani riga magana ce tsakanin mutum biyu, ko ta zumunci ko ta fushi. Yau kuwa akwai kamfanonin da ke karɓar riga daga jikin ɗan wasa da zarar an tashi, su sa ta a gwanjon intanet. Ba a wanke ta. Da laka, da ciyawa, da warin gumi ake sonta, domin su ne shaida. Kana iya cewa an fara noman labarin tun kafin ya faru. Ni a ganina, rigar da aka sa don a sayar ba ta kai wadda aka sa don a yi wasa ba.

Na biyu, inda kuɗi ya taru, ɗan damfara na nan. Ana buga sa hannun bogi. Ana sayo riga a shago a ce wane ne ya sa ta. A Ingila har an gurfanar da mutane a kotu, an ɗaure su kan sayar da sa hannun 'yan wasa na jabu. Shi ya sa masu saye yanzu ba sa yarda da riga kurum. Suna neman wasiƙa daga hannun ɗan wasan. Suna neman hoto. Wasu suna neman bidiyon da ɗan wasan ke riƙe da kayan yana ba da labarin ranar da bakinsa. Ka ga mun dawo inda muka fara. Ko a wajen masu kuɗin, bakin ɗan wasa shi ne hujja.

To, masu sauraro, ga juyi na ƙarshe. Ina mu a cikin wannan zance?

Muna ciki tsundum, domin muna da ranakun da suka kai a adana. Ranar 21 ga Yuni na 1994, a birnin Dallas na Amurka, Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, da Bulgeriya. Finidi George ya miƙo ƙwallo, Rashidi Yekini ya tura ta raga. Sai ya bi ta ciki, ya kama ragar da hannu biyu, yana girgiza ta, yana kuka, yana magana. Duk wanda ya kalli wannan bai manta ba. Yekini haifaffen Kaduna ne, kuma a Kaduna ya fara taka leda, a ƙungiyar masaƙar UNTL. Ya ci wa Najeriya ƙwallo 37. Ya rasu a Ibadan a watan Mayu na 2012, bai kai shekara 50 ba, bayan ya janye jikinsa daga jama'a. Allah ya jiƙansa. Duk abin da bai faɗa ba game da wannan rana, ya tafi da shi.

Ba shi kaɗai ba. Kyaftin ɗin wannan tawaga, Stephen Keshi, ya rasu a 2016. Golansu Peter Rufai ya rasu a 2025. A shekarar ce kuma Christian Chukwu ya rasu, wanda ya karɓi kofin Afirka daga hannun Shugaba Shehu Shagari a Legas a 1980. Kowane ɗayansu gidan tarihi ne mai tafiya da ƙafa.

Amma da sauranmu. Tawagar da ta ci zinare a wasannin Olamfik na 1996, wadda ta doke Burazil 4 da 3, ta doke Ajantina 3 da 2, cike take da yaran Kaduna. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro. Ga Ahmed Musa, wanda ya yi tashe a Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018. Waɗannan suna nan, kuma bakinsu na nan.

Sannan akwai waɗanda ba su taɓa fita waje ba. Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin kofin lig na ƙasa a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Wasu daga cikin waɗanda suka buga waɗannan wasanni dattawa ne yanzu a unguwanninmu. Kana iya sallah sahu ɗaya da mutum ba ka san ya taɓa tayar da filin wasa tsaye ba. Hotunansu na cikin akwati, gara na ci. Rigunansu tuni ƙanne suka sa har suka yage, aka mayar da su tsumma. Ba laifin kowa ba ne. A wajenmu riga ta sawa ce, kuma wanda ya ba ƙaninsa riga ya yi abin kirki.

Ba ina cewa mu buɗe gidan gwanjo irin na Landan ba. Ba ma shi ne abin koyi a wajensu ba. Sau da yawa attajiri ne ke saye ya kulle, talakan da ya yi ihu a ranar wasan ba zai sake gani ba. Rigar Maradona ta yi shekaru kowa na iya zuwa ya kalla. Bayan an sayar, an nuna ta a wani gidan tarihi a Doha lokacin gasar 2022, amma yanzu sai mai ita ya ga dama. Abin koyi shi ne abin da Manchester United ta yi wa Stiles. Ƙungiya ta sayi kayan ɗanta da daraja, ta ajiye inda jama'a za su gani, shi kuma ya samu na magani.

Me zai hana Kano Pillars, mai kofin lig huɗu, ta keɓe ɗaki guda a filin wasa na Sani Abacha? Me zai hana a yi haka a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna? Ɗaki ɗaya, da akwatin gilashi, da hotuna masu suna da kwanan wata. Kusa da kowace riga a sa muryar mai ita, yana ba da labari da Hausa. Mun iya wannan aiki. Muna da Gidan Makama a Kano, muna da Gidan Arewa a Kaduna. Kuma mu mutane ne masu riƙe tarihi da baki tun kaka da kakanni. Rigar za ta iya jira. Mai labarin ne ba ya jira.

Don haka ga roƙona gare ku, masu sauraro. Idan akwai tsohon ɗan ƙwallo a unguwarku, ko na ƙungiyar masaƙa ne, ko na 'yan sanda, ko na makaranta, ku kai masa ziyara a wannan mako. Ku gaishe shi yadda ya kamata. Ku ce, Baba, a ba mu labarin wasan da ba a mantawa. Ku nemi izininsa, ku kunna wayarku ku naɗa. Ku tambaye shi wa ya ba shi ƙwallon, wa ke tsaron raga, a wace mota suka je, nawa aka ba su. Idan ya fito da hoto, ku juya bayansa ku rubuta sunayen mutanen da shekarar, da fensir, tun yana iya tunawa.

Ku kuma iyayenmu tsofaffin 'yan wasa, in wani ya zo yana taya lambarku ko rigarku, kada ku yi gaggawa. Ku yi shawara da 'ya'yanku, ku tambayi waɗanda suka san darajarta. In kun yanke shawarar sayarwa, ku sayar hankali kwance, babu abin kunya. Amma ku fara ba jikokinku labarin tukuna.

Wanda ya naɗo wani abu, ƙofar wannan shiri a buɗe take, ya aiko mana mu saurara tare.